Baƙin Mai da Takalmin Yaya

Yayana ya rasu a asibitin Tanout da hantsi, a tsakiyar bazara. Ni da kawunmu, ƙanin mahaifiyarmu, muke wurin. Kawu ne ya shafe masa ido. Ni na kama ƙafafunsa na daidaita su, don ban san abin da zan yi da hannuwana ba. Ƙafafun sun kumbura tun bayan kaka, har takalmi ya daina shigarsu.

Na fita waje na kira gida. Garinmu ƙaramin ƙauye ne na manoman gero, gaba da Belbeji kaɗan. Matar Yaya ce ta ɗauki wayar. Na kasa faɗa mata, na ce ta ba Inna. Inna ta saurara har na gama. Ta yi salati, sannan ta ce, "Ku kawo mini shi."

Na ce, "Inna, rana ta yi zafi, hanya kuma da nisa. Mutane a nan suna cewa a yi masa sutura a Tanout."

"Na ji abin da mutane ke cewa. Ban riƙe masa kai yana ciwo ba, ban ba shi ruwa ba. Ku kawo mini shi in ɗora masa hannu, a kwantar da shi kusa da ubansa. Ban taɓa roƙonku komai ba."

Gaskiya ta faɗa, ba ta taɓa ba. Yanar ido ta daɗe da rufe mata gani, ƙafa kuma ta ƙi, shi ya sa duk jinyar nan ba ta zo ba. Na ce to.

Yaya direba ne duk rayuwarsa. Yana da tsohuwar bashe fara, irin mai buɗaɗɗen baya, da yake ɗaukar ƴan kasuwa da buhunan gero da awaki tsakanin kasuwannin Damargu. Da ita ya kawo kansa Tanout lokacin da ciwon ya ci ƙarfinsa. Ya ajiye ta a ƙofar gidan da nake zaune, ya ba ni makulli ya ce, "Kada ka ba kowa. Kai ma kada ka taɓa ta, tela." Haka yake kirana, don ɗinki ne sana'ata. Tun ranar tana tsaye a rana. Na iya tuƙi, shi ya koya mini, amma iyakar sanina ke nan. Abin da ke ƙarƙashin kapo, wato murfin inji, nasa ne shi kaɗai.

Maƙwabta suka tura ta har ta tashi. Na zare ƙarfen awon mai kamar yadda na saba ganin yana yi, na ga baƙin mai ya kai zanen sama. Muka shimfiɗa katifa a baya, muka kwantar da shi, muka lulluɓe shi da bargonsa da tabarma. Aka kafa sanduna aka ɗaura zane don inuwa. Kawu ya tattara kayan Yaya a buhu, riguna da carbi da buta da takalmi, ya ɗaure bakin da kansa.

Ya ce, "Wannan ya zama na marayu. Ko allura ba a cirewa sai an zauna an raba."

Ragowar garin geron da nake dama masa kunu, da sabulu, da sukarin shayinmu, waɗannan nawa ne. Na jefa su bayan kujera, kusa da bidon, wato jarkar baƙin mai, da naɗin kayan aikin da Yaya ke ajiyewa a wurin. Kawu ya ƙi shiga gaba. Ya ce ba a barin mamaci shi kaɗai. Ya hau baya, ya zauna yana fuskantar inda muka fito, hannunsa ɗaya a kan tabarmar.

Muka bi kwalta, muka sauka muka kama hanyar rairayi. Na riƙe sitiyari har yatsuna suka ƙage. Duk ramin da na faɗa sai in ji kamar shi na buga wa ƙasa. Azahar ta yi muna cikin daji, muka yi salla da taimama a gefen mota, muka ci gaba. Can a wani wuri da sawun manyan motoci ya yi zurfi, sai na ji gam a ƙarƙashina. Kututture ne da rairayi ya rufe. Motar ta girgiza ta wuce. Ban yi nisa ba sai jar fitilar nan ta baƙin mai ta kama a gabana.

Yaya ya sha gaya mini, "In jan idon nan ya buɗe, kashe ta ko kura ke binka." Na kashe.

Mun tsaya kusa da wata tunga, gidaje kaɗan da rumbuna, da babbar aduwa a bakin hanya. Na zare ƙarfen awo. Ya fito a bushe, sai ɗan laima a can ƙarshensa. Na kwanta na leƙa ƙasa. Karter, wato kwanon da mai ke taruwa a ƙarƙashin inji, ya jiƙe sharaf, kuma ga lotsewa a gefensa inda kututturen ya doke shi. Ban yi wani dogon tunani ba. Na ji bugu, na ga lotsewa, na ga mai. Na ce karter ya huje.

Kawu ya leƙo daga sama ya ce, "Tela, lafiya?"

"Ta fasa ciki, Kawu."

"Ana ɗinke shi?"

Na taɓa ganin direbobi suna liƙe tankin mota da sabulu da sukari. Na kankare sabulun, na zuba sukari, na tofa ruwa na murza har ya yi danƙo. Na goge lotsewar da tsumma na shafe ta. Na kwanta ina kallo. Ɗigon ya ragu, ya ragu, ya tsaya. Na yi hamdala da ƙarfi har Kawu ya amsa. Na juye fiye da rabin bidon a inji, na tada ta.

Ba mu wuce inuwar aduwar da tsawon igiyar rijiya ba sai Kawu ya fara dukan rufin mota. Na tsaya na sauka. Baƙin layi ne a kan rairayi tun daga inda muka tashi, ya fi na dā kauri. Na leƙa ƙasa. Sabuluna yana nan daram, mai yana bi ta kansa yana zuba.

Na zauna a ƙasa. Na ciro waya, babu rezo, wato sabis, ko ɗigo.

Mutanen tungar suka fito. A gabansu wani dattijo siriri mai farin gemu, shi ne limaminsu. Da suka ga tabarma a naɗe ba su tambayi komai ba, suka cire takalma suka yi mana gaisuwa. Suka tura motar baya zuwa kusa da aduwa. Suka sauke Yaya da katifarsa suka kwantar a inuwa, wani ya kawo ruwa aka jiƙa zane aka shimfiɗa a kan tabarmar. Ƙudaje sun riga sun gane.

Malam ya tambayi lokacin da ya cika, Kawu ya faɗa masa. Ya dubi rana, ya dubi motar, sannan ya tsuguna kusa da ni.

"Ɗana, ƙasa duk ta Allah ce. Muna da maƙabarta a bayan rumbunan can, iyayenmu suna ciki. Ba za mu bar ɗan'uwanka ya wulaƙanta a rana ba."

Na ce, "Allah gafarta Malam, uwarsa tana jira. Ba ta gani. Hannu kawai take so ta ɗora masa."

"Na ji. Uwa tana da haƙƙi, shi ma yana da nasa, kuma nasa ba ya jira. Mota ba ta cika bin hanyar nan ba in ba ranar kasuwa ba."

Na dubi Kawu ko zai ce wani abu. Ya sunkuyar da kai. Yayarsa ce ke jira, amma ya wanke gawa da yawa a rayuwarsa, ya san abin da bazara ke yi.

Malam ya nuna ƙasa da sandarsa. "Ga inuwar motarka. In ta taɓa gindin aduwar nan ba ta tashi ba, mu yi masa wanka mu sallace shi a nan. Kafin nan zan sa a fara haƙa, kada lokaci ya ƙure mana. In Allah ya tashe ta, ba a yi asarar komai ba sai gumi. Ka yarda?"

Na ce na yarda.

Ba a jima ba na fara jin saran ƙasa daga bayan rumbuna. Ƙasar wurin tana da tauri a ƙarƙashin rairayi, kowane sara sai ya iso kunnena. Na koma ƙarƙashin motar na kwanta ina kallon ƙarafan da ban san sunansu ba. Komai baƙi ne, komai ya jiƙe. Mutumin da ya san ciwon motar nan yana kwance taku kaɗan daga ni. Na ji bakina yana cewa, "Yaya, ina ne?" Na faɗa a hankali don kada a ji.

Kawu ya zo ya tsuguna wajen ƙafafuna. Ya ce, "Ni fa tela, akwai abin da ban gane ba. Ka ce kututture ne ya fasa ta."

"Shi ne."

"To ai ni tun muna kan kwalta nake ganin tana ɗiga. Ɗis, ɗis, kamar akuya mai tafiya tana kashi."

Na fito da kaina. "Tun kan kwalta? Kawu, me ya hana ka faɗa?"

"Yo ni na san motoci? Na ɗauka haka suke yi. Jakina ma yana yi, ban taɓa tsayar da shi ba."

Wani daga cikin mutanen ya yi dariya ya kama bakinsa. Ni ban yi ba, amma maganar ta buɗe mini kai. In tun kan kwalta take zuba, ba kututture ba ne. Kuma yanzu da take a kashe ba ta ɗiga. Da kwanon ne ya huje, ko a kashe zai zubar, kamar tulu. Ashe ba sabuluna ne ya tsayar da ɗigon ɗazu ba, kashe injin ne. Man yana fita ne sai inji yana tura shi, daga wani wuri a sama, ya gangaro ya taru a ƙasa.

Sai na tuna wata tafiya. Na taɓa bin Yaya kasuwar Ollelewa in sayo yadi, motar ta fara irin wannan a hanya. Ya buɗe kapo, ya goge injin tas, sannan ya je wajen wata mata cikin fasinja ya ce ta sam masa gari. Ta ce, "Kai direba, motar taka ma tuwo take ci?" Ya ce, "Ci take, Hajiya, miya ce ba ta samu ba." Ya barbaɗa garin a jikin inji. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Baƙin mai ɓarawon akuya ne, tela. Inda ka tsinci igiya ba nan ya shiga ba. Sai ka share ƙasa ka bi sawu." Ban tsaya na ga ƙarshen aikin ba a ranar, na tafi neman inuwa. Abin da na riƙe ke nan.

Na buɗe kapo. Na cire rigata na yaga ta biyu. Na dinga dangwala tsumman a rairayi ina goge jikin injin, gefe da gefe, sama da ƙasa, duk inda hannu ke shiga. Ƙarfen da zafi, ya ƙone ni a wuyan hannu, tabon yana nan har yau. Mutum biyu suka karɓi rabin rigar suka kama ɗaya gefen ba tare da na roƙe su ba. Da ƙarfe ya fara nuna launinsa, na ɗauko garin kunun Yaya. Na barbaɗa, inda hannu bai kai ba na zuba a tafi na hura. Injin ya yi fari kamar an yi masa wanka da toka.

Na dubi inuwar. Ta ci fiye da rabin tazarar.

Na ƙara ɗan mai daga bidon don kada injin ya tashi a bushe. Dole in tsaya a gaba in zuba ido, don haka na ce Kawu ya shiga ya murɗa makulli.

"Ni? In ta tafi da ni fa?"

"Ba ta cikin giya, Kawu. Ka murɗa, in ta tashi ka saki. In na ɗaga hannu ka mayar baya."

"Na shekara sittin da wani abu ban taɓa ba, sai yau da ɗan yayata ke kwance." Ya shiga yana bisimilla, ya zauna a bakin kujera kamar mai zama a gidan surukai.

Ta tashi. Garin ya yi ta rawa a kan ƙarfe. Na duba ƙasa, fari. Na duba wajen murfin sama, fari. Sai a gefe, can ciki, na ga wani baƙin zare ya tsaga farin yana gangarowa. Na bi shi da ido zuwa sama. Wani siririn bututun ƙarfe ne da aka ɗaure bakinsa a jikin injin da bulon, ƙusar nan mai zare da ake murɗawa, kuma daga ƙarƙashin kan bulon ɗin man ke tsartuwa. Na ɗaga hannu. Kawu ya kashe.

Na kwance naɗin kayan aikin Yaya, na gwada kile, wato sufana, har na samu wanda ya kama. Bulon ɗin ya fito, mai rami a tsakiya. A kowane gefen bakin bututun akwai rondel, ɗan zoben da ke toshe tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Na zaci jan ƙarfe zan gani. Abin da ya faɗo a tafina baƙi ne, ya bushe ya tsage, na murza shi ya farfashe. Na kai hanci. Tela ya san fata ko ta ƙone. Fata ce. Yaya da fata yake toshe wurin, kuma watannin da motar ta yi a tsaye a rana sun busar da ita.

Na ce a taimake ni da fata mai kauri. Takalmina na roba ne, na Kawu ma haka, zafi zai narkar da su. Wani ya miƙo kuben wuƙarsa, fatar akuya ce, na ja ta da yatsa ta miƙe kamar tsumma. Wani ya ce gugansu na robar taya ne. Wani ya ruga ya kawo ƙirgi, ya bushe ƙamas da gashinsa, ba ya lanƙwasuwa. Ina juya fasasshen zoben a hannu ina auna faɗinsa da ido, sai na ga na san girman nan. Na taɓa ganinsa.

Takalmin Yaya faffaɗa ne na fata, irin na mutanen Abzin, mai baki da ya wuce ƙafa. A asibiti na lura gefensa duk ramuka ne zagayayyu, a jere. Na ɗauka tsufa ne ko ɓera. Har na tura shi ƙarƙashin gado da ƙafa don kada masu zuwa dubiya su gani.

Na nufi buhun. Kawu ya riga ni, ya dafa bakinsa.

"Ina za ka?"

"Takalminsa, Kawu. Daga jikinsa yake yanka."

"Kayan marayu ne."

"Kawu, ɗan yanki ne kamar bakin kwalba."

"Ko kamar ƙwayar gero ne. Motar aro muka yi, za mu mayar da ita yadda take. Wannan yankawa za ka yi, ba ya komawa. Ni na ɗaure buhun nan, ni za a tambaya." Ba taurin kai ba ne. Tsoro ne na gaske, irin wanda aka raine mu da shi, kuma ni ma ina da shi. Amma saran ƙasa ya tsaya a bayan rumbuna, na san abin da tsayawarsa ke nufi.

Na ce, "To ka je ka gaya wa Inna da bakinka cewa takalmi ne ya hana."

Ban taɓa yi masa magana haka ba. Ya dube ni, idonsa ya kawo ruwa, bai ɗauke hannu ba.

Malam ya taso daga inda yake zaune kusa da Yaya. Ya ce wa Kawu, "Bawan Allah, tsoronka mai kyau ne, Allah ya bar mu da shi. Amma kafin a raba gado, abin da za a kai mamaci makwancinsa da shi ake fara cirewa. Likkafani daga dukiyarsa ne, haƙa daga dukiyarsa ne. In takalminsa ne zai kai shi, takalminsa ne zai kai shi. Ka kwance. Ni shaida ne, waɗannan ma shaidu ne."

Kawu ya kwance da kansa. Ya ciro ƙafa ɗaya ya miƙo mini da hannu biyu.

Na ɗora fasasshen zoben a kan ɗaya daga cikin ramukan. Ya zauna cif. A cikin kayan aikin akwai guntayen bututu biyu da aka wasa bakinsu, babba da ƙarami, da ɗazu na ture gefe don ban san amfaninsu ba. Babban ya shiga ramin daidai. Aka kawo guntun itace, na ɗora takalmin a kai, na nemi wurin da ya rage a gefen diddige. Na kafa ƙaramin na buga da guduma, na kafa babban a kewayensa na buga. Zobe ya fito. Na sake, na biyu ya fito ɗan karkace, amma ya fito. Na tsoma su a baƙin mai na murza har suka yi laushi.

Na sa zobban, na mayar da bulon ɗin, na zo ɗaurewa. Ban san iyakar ƙarfin da ake sawa ba. Na bi abin da na sani a keken ɗinki, in zare ya yi sako-sako ɗinki ya warware, in ya yi tsauri ya tsinke. Na ɗaure har na ji fatar ta kwanta, na ƙara kaɗan, na bari.

Da na ɗago na ga inuwar motar ta hau gindin aduwa. Malam ma ya gani, na ga ya gani. Sai ya juya baya ya ce a ba shi buta, alwalarsa ta karye. Ya tafi can nesa, ya yi alwala a hankali, irin wadda ban taɓa ganin an daɗe ana yi ba.

Na goge wurin, na barbaɗa ragowar garin. Kawu ya shiga bai jira na ce ba. Ta tashi. Na kafa ido a kan bulon ɗin. Na ce ya taka abin da ke dama kaɗan, ya taka da yawa har ta yi ruri, mutane suka ja baya. Garin yana nan fari. Na jira. Fari.

Na juye duk abin da ya rage a bidon, na zare ƙarfen awo. Bai kai ko zanen ƙasa ba. Abin da zai kai mu gida na zubar da shi a rairayi da hannuna lokacin sabulu. Na tsaya da ƙarfen a hannu. A tungar babu mai mota, babu mai babur, ko injin niƙa babu.

Wata tsohuwa tana tsaye a bakin danga tun ɗazu. Ta ce, "Wai mai ne ya ƙare?"

Na ce, "Shi ne, Iya."

"Kowane iri?"

Na taɓa jin direbobi suna cewa man gyaɗa yana fitar da mutum daga daji in tafiyar ba ta da tsawo, in kuma ba a matsa wa inji ba. Ban san ko gaskiya ba ne. Na faɗa mata haka. Ta shiga gida, ta fito da galan a ka. Ƙuli-ƙuli take yi, man da ta tara don kasuwa ne.

Ta ce, "Ungo. In ta toya ƙosai a hanya ku aiko mini da nawa."

Na fara cewa wani abu, ta katse ni. "Kai, rufe baki. Ba kai na ba, ba motar na ba. Uwarsa na ba. Ni nawa a Libiya ya mutu, ko hularsa ban gani ba."

Na zuba har ƙarfen awo ya nuna tsakiya. Masu haƙa suka iso, ƙasa har gira. Malam ya ce musu su koma su mayar da ƙasar, baƙon ya fasa kwana. Ɗayansu ya ce, "Malam, da ka bari a buɗe, ai kai ne babba." Malam ya ce, "Ka mayar dai, na ga ka fi ni tari." Suka ɗora Yaya a baya, suka gyara masa inuwa, suka ƙara jiƙa zanen. Muka yi la'asar tare a tsaye a gefen hanya, Malam ya yi addu'a gajeriya ya ce mu tafi.

Na tafi a hankali. Idona ɗaya a hanya, ɗaya a wurin jar fitilar. Lokaci lokaci in tsaya in ɗaga kapo in dubi garin. Ya yi launin ƙasa saboda ƙura, amma baƙin zaren bai dawo ba. Ƙanshin ƙuli-ƙuli ya cika motar. Da muka shiga Belbeji rezo ya dawo, waya ta yi ta ƙara a aljihuna. Ban ɗauka ba, ban tsaya ba. Ina tsoron in na cire hannu ɗaya daga sitiyari wani abu zai lalace.

Rana ta yi ja lokacin da muka hango rumbunan garinmu. Maza suna zaune a ƙofar gida, an gama haƙa tun azahar, an ɗora ruwa. Inna tana tsaye a bakin zaure, ta dafa bango. An ce tun kafin kowa ya ji komai ta miƙe ta ce ga motar nan.

Aka shigar da shi zaure. Limaminmu ya ce a hanzarta, kuma kowa ya san dalili, ba sai an faɗa ba. Inna ta ce a kai ta. Na kama hannunta na tsugunar da ita. Kawu ya buɗe bargon daidai goshi. Ta lalubo, ta ɗora tafinta, ta bar shi a wurin. Ta shafa girarsa da babban yatsa.

Ta ce, "Ka iso? Sannu da hanya."

Ta yi masa addu'a a hankali, ta ce ta yafe masa duniya da lahira. Sannan ta janye hannunta ta ce, "Ku ɗauke shi." Aka yi masa wanka, aka sallace shi, muka kwantar da shi kusa da mahaifinmu. Muna baro maƙabarta aka kira magariba.

Washegari da safe Kawu ya kawo buhun gaban Inna da matar Yaya. Ya ciro takalmin ya ce, "Mun yanki wannan a hanya, ni na kwance buhun. A gaya wa yaran in sun girma." Matar Yaya ta rufe fuska da mayafi. Ta ce ita ta sha yi masa faɗa a kan takalmin nan, yana ce mata iska yake buɗe wa ƙafarsa.

Inna ta ce a ba ta. Ta bi gefensa da yatsa, rami bayan rami, har ta zo wajen diddige. Ta tsaya a kan na ƙarshe, wanda ya karkace.

Ta ce, "Wannan ba yankansa ba ne."

Na ce, "Nawa ne, Inna."

Ta ɗora takalmin a cinyarta, ta miƙo hannu tana neman kaina. Na sunkuya.